Sana'ar Zane da Hoto: Kayan Aiki Sun Yi Araha, Ido Ya Yi Tsada

Wanda ya ratsa Kano ko Kaduna a watannin kamfe na zaɓen 2023 ya ga yadda fosta ta mamaye gari, daga jikin gada zuwa turakun lantarki da bayan A Daidaita Sahu. Kowace ɗaya akwai wanda ya zauna a gaban kwamfuta ya zaɓi hoton ɗan takara, ya share bayansa, ya daidaita kalar jam'iyya, ya yanke shawara ko suna ne zai fi girma ko fuska. Shi da mai ɗaukar hoton biki, da mai tace bidiyo a Kannywood, da mai zana tambarin kamfani, da wanda ya tsara fuskar manhajar bankin da ke cikin wayarka, duk aiki ɗaya suke yi: isar da saƙo ta hanyar abin da ido ke gani. A jami'o'in ƙasashe da dama fanni ne mai zaman kansa da digirinsa. A wurinmu kuwa a warwatse yake, wani yanki a jami'a, wani a shagon buga takardu, wani a cikin wayar yaro ɗan shekara sha shida.

Tambayar da iyaye ke yi ita ce ko akwai abinci a cikin wannan harka, kuma in akwai, jami'a za a tura yaro ko shago. Matasa su ma suna da tasu tambayar: wace manhaja zan koya? Ni a ganina wannan ta biyun ce ke ɓatar da mutane, domin tarihin sana'ar nan na shekara arba'in ya nuna cewa duk wanda jarinsa iya sarrafa wani kayan aiki ne kawai, ranar da kayan aikin ya yi araha shi ma ya yi araha.

A da mai rubutun allon shago mutum ne mai daraja a unguwa. Da buroshi da gwangwanin fenti yake zana sunan mai shayi, da kan ɗan samari a allon mai aski, da zaki ko dawisu a jikin motar katako. A maɗaba'a kuma, irin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, akwai masu jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, aikin da ake shekaru ana koyo. Sai kwamfutar Macintosh ta fito a 1984, manhajar tsara shafi ta PageMaker ta biyo baya a 1985, manhajar zane ta CorelDRAW a 1989, ta gyaran hoto ta Photoshop a 1990. Abin ya ɗauki lokaci kafin ya iso mana, amma da ya iso, da manyan injinan da ke buga hoto a kan leda mai faɗi, sai allon fenti ya fara ɓacewa daga bakin titi. Masu buroshin da suka koyi Corel sun tsira, wasu ma sun fi yaran kwamfuta iya aiki nesa ba kusa ba, saboda sun riga sun san tazarar da ta dace tsakanin harafi da harafi. Waɗanda suka ƙi koyo suka koma fentin gidaje.

Zagaye na biyu shi ne na waya. Manhajar zane ta Canva ta fito daga Ostareliya a 2013 da dubban tsararrun samfura, sai ka sauya suna da hoto kawai. Manhajoji irin su PixelLab da CapCut suka sa wayar Android ta zama shago. Sanarwar ɗaurin aure, gaisuwar Juma'a, ta'aziyya, tallan atamfa a WhatsApp, duk abin da a da ake zuwa shagon kwamfuta a biya, yanzu ƙanin ango ne ke yi yana kwance a kan katifa. Zagaye na uku ya faro a 2022, shekarar da DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion suka fito, manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za ka rubuta musu jimla su ba ka hoto. Kamfanin Adobe, mai Photoshop, ya shigo da nasa mai suna Firefly a 2023.

Alƙaluman waje sun nuna inda iskar ke kaɗawa. Rahoton makomar ayyuka da Dandalin Tattalin Arzikin Duniya ya fitar a Janairun 2025 ya sa masu zanen girafik cikin jerin ayyukan da masu ɗaukar ma'aikata ke ganin za su fi saurin raguwa zuwa 2030. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka kuma ta yi hasashen cewa tsakanin 2023 da 2033 guraben masu zanen girafik za su ƙaru da kashi 2 cikin ɗari kacal, alhali na masu gina shafukan intanet da tsara fuskar manhaja za su ƙaru da kusan kashi 8. Aikin bai mutu ba, wuri ya sauya. Wata shaidar ita ce a 2022 Adobe ya yi tayin sayen Figma, manhajar da ake tsara fuskar manhajoji da ita, a kan dala biliyan 20. Cinikin ya rushe a Disamban 2023 saboda hukumomin Turai da Birtaniya ba su gamsu ba, amma kuɗin da aka sa ya isa ya nuna inda manyan kamfanoni ke hango riba.

Sai dai kada mu ɗauki lissafin Amurka mu ɗora wa Kantin Kwari. A nan takarda na da sauran rai. Muna buga katin biki, da kalandar amarya da ango, da sitika da jakar rabo, da littafin walimar sauka, da riga mai hoton ɗan takara. Ga kuma wata kasuwa da ta buɗe a 'yan shekarun nan: mata masu turaren wuta da humra da yaji da kilishi da zoɓo, waɗanda ke sayarwa ta Instagram da WhatsApp, kuma sun gane cewa kwalba mai kyakkyawar takarda ta fi saurin tafiya. Tun daga Oktoban 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasar waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya, wanda ke nufin ƙarin aiki ga masu ɗaukar hoto da bidiyo na gida. Saboda haka aiki na nan. Abin da ke faruwa shi ne tsakiyar kasuwar na zaizayewa. Ƙaramin aiki kwastoma na yi da kansa. Babban aiki, irin tsara kamannin kamfani gaba ɗaya, ko kwalin kaya, ko hoto mai motsi, ko mayar da alƙaluma zane mai saurin fahimta, yana tafiya wurin 'yan ƙalilan da suka ƙware. Wanda ke tsakiya, mai haɗa fosta da samfurin da kowa ke da shi, shi ne kuɗin aikinsa ke sauka kullum. Keken ɗinki ya shiga gidaje da yawa, amma har gobe layi ake yi a shagon telan da ya iya yanka.

To ina ake koyon yankan?

Arewa ba baƙuwa ba ce a karatun zane. A 1955 aka dawo da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda a koya musu zanen Turawa zalla, suka dage sai an haɗa dabarun waje da fasahar gida. Daga baya jami'ar ta ware sashen ƙirar masana'antu, inda ake koyar da girafik da zanen yadi da aikin tangaran da gilashi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta daɗe tana koyar da fasahar ɗab'i. A Jos akwai cibiyar koyar da fim ta ƙasa da kwalejin talabijin ta NTA. A farkon 2020 hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sanar da raba kwas ɗin koyon aikin jarida gida bakwai, inda talla ya samu digirinsa, fim da kafofin zamani suka samu nasu, sadarwar ci gaban al'umma ma haka. Sannan sabuwar manhajar karatu da hukumar ta ƙaddamar a Disamban 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta.

Duk wannan ci gaba ne, ban raina shi ba. Amma akwai tsagar da har yanzu ba a ɗinke ba. Fannin nan ƙafa biyu gare shi, zane da sadarwa, mu kuwa mun ajiye kowace a tsangaya daban. Ɗalibin sadarwa yakan karanta yadda saƙo ke shiga zuciyar jama'a, ya rubuta jarrabawa ya ci, amma ka ba shi shafi ɗaya ya tsara sai ya cika shi da kala bakwai da salon rubutu biyar. Ɗalibin zane kuma hannunsa ya faɗa, ya san inuwa da haske, amma da wuya a tura shi kasuwa da fostarsa ya tambayi mai sayar da tumatir abin da ya fahimta. Kasuwa kuwa mutum ɗaya take nema mai ƙafafun biyu. Ƙari a kan haka, manhajar karatun jami'a takan yi shekaru kafin a taɓa ta, kayan aikin kuwa kowace shekara sai sun sauya, ga ƙarancin kwamfuta, ga wuta, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas.

Matsalar ma tun daga ƙasa take farawa. A makarantun sakandare da yawa na Arewa darasin zane suna ne kawai a jadawali, babu malami babu kayan aiki. Yaron da ke cika bayan littafinsa da zane faɗa ake yi masa. Wasu iyayen kuma suna ɗari-ɗari saboda maganar hukuncin zana mai rai, magana ce da malamai suka tattauna kuma wurinsu ya kamata a kai ta. Abin da nake so a lura da shi shi ne kaso mai yawa na wannan sana'a babu mai rai a cikinsa: haruffa ne, da kala, da tsari, da taswira, da kwali. Kuma a wannan ɓangaren mu masu gado ne. Wanda ya taɓa riƙe allon zayyana na mai sauka, ya ga yadda aka raba fili da ja da ruwan ɗorawa da kore ba tare da wani ɓangare ya danne wani ba, ya ga darasin tsari cikakke. Haka aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da dagi a goshin soro, da adon bangon ƙofar fadar Zazzau, da rubutun hannun marigayi Sharif Bala Gabari na Kano, wanda Alƙur'anin da ya rubuta aka buga shi ya bazu a makarantun allo. Ɗaliban Zariya na 1958 sun yi faɗa ne don a shigo da irin wannan cikin aji, kuma abin takaici ne a ce yau matashi a Kano ya fi sanin samfurin Canva da zayyanar da ke rataye a zauren kakansa.

Hanya ta biyu ita ce shago, kuma ita ce ta fi yaye mutane. Ina girmama ta, domin akwai abin da ba a koya sai a gaban inji. Yaron shago ya san cewa koren da ke walƙiya a fuskar waya in an buga shi a takarda yakan fito a dushe, saboda waya da haske take haɗa kala, inji kuwa da tawada huɗu. Ya san a bar ɗan rara a gefen kati don kada wuƙar yanka ta ci rubutu. Ya san hoton da aka turo ta WhatsApp an matse shi, in aka faɗaɗa shi a babban allo fuskar Alhaji za ta farfashe, don haka tun kafin ya karɓi aikin zai ce a turo na asali. Ya san ya mayar da rubutu zane kafin ya kai wa mai inji, don kada salon harafin ya sauya a wata kwamfutar. Kuma ya san mutane: ya san Hajiyar da za ta ce a ƙara girman sunan amarya sau uku, ya san yadda zai lallashe ta. Abin da shago ba ya bayarwa shi ne dalili. Oga zai ce yi kaza, ba zai ce don me ba, sau da yawa shi ma haka ya gada. Shi ya sa za ka ga katunan biki na gari guda kamar uwa ɗaya ta haife su, kuma ranar da aka kawo aikin da ba shi da samfuri, sai hannu ya tsaya.

Akwai kuma maganar kuɗin manhaja da ba a cika faɗa a fili ba. Tun 2013 Adobe ya daina sayar da manhajojinsa sayen dindindin, ya koma haya wata-wata. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Kwamfuta mai ƙarfi da kyamara da kuɗin haya duk suka ninka, shi ya sa shaguna da dama ke aiki da manhajar da ba a biya ba. Wannan kan wuce a aikin unguwa, amma yakan zama cikas ranar da mutum zai yi wa babban kamfani aiki. Ga manhajoji na kyauta masu ƙarfi irin su Inkscape da Krita da Blender, waɗanda ya kamata a ce makarantunmu sun rungume su tuntuni.

Hanya ta uku ita ce gajerun kwasa-kwasai da YouTube. Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023, da burin horar da mutum miliyan uku, ya sa tsara fuskar manhaja da hoto mai motsi cikin darussansa, kuma cibiyoyin fasaha masu zaman kansu a Kano da Kaduna da Jos suna irin wannan. Alherinsu a fili yake: sun buɗe ƙofa ga wanda bai samu jami'a ba, musamman 'yan mata da matan aure da ke iya aiki daga ɗaki ba tare da zaman shago ba. Inda nake da ja shi ne alƙawarin da wasu masu tallan kwas ke yi, cewa wata uku ka fara cin dala a Fiverr ko Upwork, shafukan intanet da ake neman aikin kwangila a cikinsu. Wanda ya shiga can zai tarar yana gasa da mutanen Indiya da Pakistan da Filifin da suka shekara goma a ciki, ga Turancin ciniki, ga wahalar karɓo kuɗi, ga wutar da za ta ɗauke ana saura awa biyu a miƙa aiki. Wasu na samu, kuma ina taya su murna, amma wata uku gabatarwa ce.

Game da takardar shaida, gaskiyar ta rabu biyu. Kamfanin talla ko gidan jarida ko mai kaya cewa zai yi nuna mini ayyukanka, bai damu da makarantar da ka yi ba. Gwamnati da jami'a da manyan ƙungiyoyin agaji kuwa har yanzu sai da digiri ko difloma. Wanda ya samu damar jami'a kada ya yar, amma ya sani ranar da ya shiga aji ɗaya ya kamata ya fara tara ayyukan da zai nuna, kuma hutunsa a shagon ɗab'i ya kamata ya ƙare. Wanda ke shago kuma ya nemi ilimin tsari da kala da haruffa, ya koyi rubuta yarjejeniya da karɓar kafin alƙalami, domin "ai danna kwamfuta ne kawai" ta cinye guzurin masu zane da yawa. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta ba shi kariya, in ya san da ita.

Inda na fi ganin makoma ga ɗan Arewa shi ne wurin da na'ura da baƙo suka fi rauni. Ka ce wa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana maka dattijon Bahaushe a zaure, sau da yawa za ta haɗo maka rawanin wata ƙasa da rigar wata, domin hotunanmu kaɗan ne a cikin abin da aka horar da ita da shi. Salon haruffa masu kyau da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai mai zane ya ga akwati ya fito a tsakiyar kalma, ya gaji ya cire lanƙwasar, a buga allon da ya ci dubban nairori da rubutun da ba daidai ba. Ajami ya fi shan wahala. Sai a 2017 ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar da salon haruffa na kwamfuta mai suna Alkalami da ya bi hannun Kano, alhali miliyoyin mutane da wannan rubutun suka fara karatu. Ƙera haruffa sana'a ce da ake biya a duniya, kuma ga fili nan a harshenmu kusan babu kowa a ciki.

Sannan ga aikin da ya fi kowanne nauyi. Muna da jama'a masu yawa da ba sa karanta boko, kuma su ne ake son su fahimci yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, da adadin maganin feshi da za a zuba a tanki, da ranar komawa rigakafi. A nan hoto shi ne saƙon gaba ɗaya. In aka zana murfin kwalba ba a nuna ko cike ake nufi ko rabi ba, manomi zai ƙona gonarsa ko ya cutar da kansa. In aka zana uwa da shigar da ba a yi a ƙauyen, matan za su ce ba da su ake ba. Ba a gane wannan daga ofis. Sai an buga gwaji, an je an zauna a tabarma, an miƙa wa mutum takardar ba tare da an yi masa bayani ba, an tambaye shi, "Baba, me ka gani a nan?" sannan a dawo a gyara. Ma'aikatun lafiya da na gona da ƙungiyoyin agaji suna kashe kuɗi a kan irin wannan aiki, kuma wanda ya tashi cikin harshen da al'adar ya riga kowa sanin rabin amsar.

Kashi 30 ɗin nan da aka bar wa jami'o'i ya isa a fara. Sashen zane da sashen sadarwa na jami'a ɗaya za su iya haɗa kwas guda da ɗalibansu za su zauna tare, a ba kowace tawaga aiki na gaske daga wani asibitin karkara ko ƙungiyar manoma, a gayyato gwanin zayyana da tsohon mai inji su koyar na 'yan makonni a biya su kamar kowane malami, sannan a ɗora wani kaso na makin a kan abin da mutanen ƙauyen suka fahimta daga fostar.